Zaiba a Ɗakin Marigayiya

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan tekun ba ta jijjiga ku da yawa. Mu nan lafiya lau, sai ciwon bayan nan nawa na zaman keken ɗinki, wanda ka san ba ya barina. 'Yarka Tsuntsuwa ta yi zazzaɓin kwana uku a makon jiya, amma ta warware, har ta koma ɓarnarta. Jiya ta kwance mini zare guda biyu ta ɗaure ƙafafun kujera, wai kujerar za ta gudu.

Ka daina ɓata kuɗinka wajen kirana in kun tsaya a tasha. Kunnena da waya ba sa shiri, kai kuma ba ka barin mutum ya kai aya. Rubuto, in karanta a natse, in yi fushina a natse.

Na ga takardar dokokinka da ka manna a bayan ƙofa kafin ka tafi. Doka goma sha biyu, har da lamba! Ni da na goya ka, na wanke maka kashi, na baro ɗakina na tare a gidanka da kekena don in riƙe maka marainiya, yau ni ake koya wa renon 'yar shekara uku da lamba ɗaya, lamba biyu. Ta kwana a ɗakin uwarta. Kada a buɗe taga, sanyi zai shiga ƙirjinta. Kada tsintsiya ta taɓa kafet, sai injin zuƙe ƙura. A auna zafin jikinta safe da yamma. To ranka ya daɗe, ana bi. Ɗakin nan a rufe yake ruf kamar akwati, ni kaina in na shiga sai na yi ta fifita da gefen mayafi.

Ma'aunin zafin naka ma ya fashe. Ina yarfa shi don ya sauka, ya suɓuce ya bugi ƙafar gado. Sai ga wasu 'yan ƙwallaye masu ƙyalli kamar azurfa sun watse a kan kafet. Tsuntsuwa ta yi ta dariya tana bin su da yatsa, in ta taɓa ɗaya sai ya rabu uku. Na tsince gilashin, su kuwa sun ƙi kamuwa, har zoben zinarina ya yi fari fat wajen kokawa da su. Da na gaji na jawo injin naka na bi wurin sau uku, har ban ƙara ganin ko ɗaya ba. Ka ga an bi doka.

Af, na rage mata gashi. Ya cukurkuɗe, kullum kuka wajen taza, na sa almakashi na huta.

Tana gaishe ka. Ta ce ka kawo mata kifi mai rai.

Yayarka

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na samu wasiƙarki bayan kwana goma sha tara, da muka tsaya sauke kaya. Ina lafiya, sai dai aikin wayoyin wuta a cikin jirgi ba ya ƙarewa, in ka gyara nan can ya ɗauke. Allah ya ƙara sauƙin bayan.

Amma Yaya, gashin? Haba! Wallahi sau uku na karanta layin nan, raina yana tafasa. Gashin uwarta ne sak, ke ma kin sani. Marigayiya tana kwance ba ta iya ɗaga kofi, amma sai ta ce a ɗora mata yarinyar ta taje mata kai. Shi ne kika datse kamar kina rage hannun riga? Komai kika gani sai almakashi? Ba ki iya rubuto mini ki jira ba? Na san ke kika goya ni, kin faɗa mini ya fi sau dubu, amma 'yar nan tawa ce.

Kina yi wa dokokina dariya. Ki yi. Ke ba ki tsaya a kan mace tana neman numfashi ba ki da abin ba ta ba. Ciwon ƙirji ya ɗauke mini uwar, ba zan zauna ya ɗauke 'yar ba. Tagogin nan su zauna a rufe. Kafet ɗin kuma ko kusurwarsa kada a ɗaga. Ita ta zaɓe shi da kanta, shuɗi mai babban fure a tsakiya, a kansa Tsuntsuwa ta koyi rarrafe, a kansa uwarta ta yi zaman watanninta na ƙarshe. Ina so yarinyar ta tashi tana jin ɗumin wurin. Ki riƙa bin sa da inji sau biyu a mako kamar yadda na rubuta.

Maganar ma'aunin zafi kuwa, wannan ai ba abin cika takarda ba ne. A sayi wani.

Ki shafa mini kanta, abin da ya rage.

Ƙanenki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Ba zan yi maka ƙarya in ce muna lafiya ba.

Na so in rama maka maganar almakashi, na ma fara rubutawa, sai abin da ya fi ta ya taso. Yau mako bakwai ke nan Tsuntsuwa ba ita ba ce. Da farko ƙyuya ce da kuka ba dalili, na ce ko kewarka ce. Sai ta daina ci. Yarinyar da ke wawure abin da ke hannuna, yanzu sai na bi ta da cokali ina roƙo. Gumi take yi kamar an watsa mata ruwa, ina sauya mata riga huɗu a wuni. Tafin hannunta da na ƙafarta sun yi ja jawur, sun kumbura, fatar tana saɓulewa, tana sosawa tana ihu. In haske ya shigo sai ta cusa fuska a filo. Yanzu kwana tara ba ta taka ƙasa ba, in na tsayar da ita sai ta zube.

Kada ka ce na zauna. Mai shagon magani ya ce ƙyanda ce, ya ba mu na sha. Asibitin unguwa suka ce ƙaiƙayi ne na sabulu, na sauya sabulu, na sauya omo. Suka ce a gwada jini, ba su ga zazzaɓi ba. Maƙwabciyarmu ta sama ta ce baki ne, na ce ta riƙe bakinta. Abin da kowa ya yarda da shi ɗaya ne, a bar ta ta huta a ɗaki. To tana ɗaki. Gado ma ta ƙi shi, sai tsakiyar furen nan take kwanciya, ta manna kunci a kai. Ni ma na kwaso shimfiɗata na dawo kusa da ita. Tagogi a rufe, inji sau biyu a mako, har na ƙara na uku don kada ƙura ta dame ta.

Kai kuma shiru. Wasiƙa ɗaya a wata biyu, ita ma ta faɗa ce a kan gashi. Gashin yana nan yana tsirowa, malam, yarinyar ce take ƙarewa a hannuna. Ni tela ce, ba likita ba. Na ajiye ɗinkin mutane, masu kaya suna zagina a ƙofa, ko zare na kasa zurawa a allura kwanan nan, hannuna rawa yake yi. Ina jin tsoro, Auta. Ka ji na faɗa, ni da ban taɓa faɗa maka haka ba. Ka gaya wa masu jirgin nan naku kana da 'ya.

Yayarka

*

Yaya,

Sallama. Lafiyata ba ta da amfani yau, don haka ba zan ɓata layi a kanta ba.

Na san maƙwabciya ta isar miki da saƙona, don ban ajiye waya ba sai da ta rantse za ta sauko ta fitar da ku daga ɗakin nan, ta raka ku babban asibiti. Wannan takardar ta biyo baya ne don in fitar da abin da ke cina, in ba haka ba zan fashe.

Makon da ya wuce wani tsohon ma'auni ya fashe a ɗakin ajiyarmu na ƙasa. Abin cikinsa bai cika cokali ba. Sai ga jami'in lafiyar jirgi ya zo a guje, ya kore mu, ƙarti takwas, ya sa aka buɗe ko'ina iska ta ratsa. Ya sa safar hannu, ya cire zobensa, ya durƙusa da tocila yana tura ƙwallayen da ɗan kwali zuwa cikin kwalba mai murfi, ƙananan kuma yana ɗauke su da salatif. Wani ya ɗauko tsintsiya, ya daka masa tsawar da har yanzu ana ba da labarinta. Ya ce sunan abin zaiba. Ya ce tana tashi ta bi iska a hankali, ba wari, ba hayaƙi, mutum ya yi ta shaƙa bai sani ba, ta taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda. Tsintsiya farfasa ta take yi. Injin zuƙe ƙura kuwa ya fi komai muni, don ɗumama ta yake yi ya fesa ta cikin ɗaki, kuma duk ranar da aka sake kunna shi sai ya sake fesawa. Ya ce yara ƙanana ta fi kamawa, su da ke kusa da ƙasa.

Kwana biyar bayan haka wasiƙarki ta iso. Ina karanta jan hannu da gumi, sai ƙwallayen azurfar nan naki suka faɗo mini a rai. Na kai masa wasiƙun biyu. Ya karanta, ya dube ni, ya ce ɗan ma'auni guda in an kwashe shi daidai aka buɗe taga ba kasafai yake yin illa ba, amma a kafet, a rufaffen ɗaki, da inji, wata biyu? Ya ce in nemi waya yanzu-yanzu.

Yaya, me ya same ki? Ina hankalin da kike taƙama da shi? Kin ga abu yana gudu, yana rabuwa, ya mayar da zinari fari a yatsanki, kuma kika tsaya kina kallon yarinya tana wasa da shi? Abin da ya ci zinari me zai yi wa jikin 'yar shekara uku? Ba ki tambayi kowa ba! Kika je asibiti sau nawa, ba ki buɗe baki kin ce wani abu ya fashe a ɗakin ba! Na ba ki amanar abu ɗaya da ya rage mini a duniya. In wani abu ya sami yarinyar nan, wallahi ban san da wane ido zan dube ki ba.

Ki ce su gwada fitsarinta, ke ma a gwada naki. Kada ki sake kunna injin. Kada ki wanke kayan da suka taɓa wurin tare da sauran kaya.

Kafet ɗin kuma ki sa a naɗe shi a hankali, a sa a leda, a jingine a ɗakin ajiya. In na dawo zan nemi masu wanke shi. Ina roƙonki, kada almakashinki ya kusance shi.

Ƙanenki

*

Auta,

Wa'alaikumus salam, ko da yake sallamar taka guntuwa ce. Ga labarin lafiya tukuna, don kai uba ne, haƙƙinka ne. Kwananmu goma sha shida a babban asibiti. An gwada fitsarinta, zaibar ce. Jininta ya hau kamar na tsohuwa, likitar ta auna sau biyu don ba ta yarda ba. Suna ba ta wani magani mai jawo gubar ta fita ta fitsari. Gumin ya ragu, tana karɓar cokali biyar zuwa shida. Likita ta ce yawanci yara suna warkewa in an raba su da wurin, amma a hankali, kuma za a daɗe ana dubawa. Ban tambaye ta alkawari ba, ita ma ba ta yi ba. Ni ma an samu a jikina, shi ne rawar hannun.

Yanzu ka gyara zama.

Ka ce ba ka san da wane ido za ka dube ni ba. Ka dube ni da idon da ka karanta wasiƙata ta farko. Na sa maka taka amsar a cikin ambulan ɗin nan, na ja layi da jan alli na ɗinki a ƙarƙashin kalmomi uku. A sayi wani. Hannunka ne ko ba naka ba? Na gaya maka ƙwallaye, na gaya maka zobe, na gaya maka inji, ban ɓoye ko ɗaya ba. Kai mai ilimin, mai aikin wuta, mai doka goma sha biyu, ka tsallake duk wannan ka je ka yi shafi guda kana kukan gashi. Laifi tudu ne, Auta, ka taka naka kana hango nawa.

Wa ya ce a rufe taga? Wa ya sayo injin, ya hana tsintsiya, ya ce sau biyu a mako? Wa ya ce lallai sai ta kwana a ɗakin? Da gidana ne, da siminti ne a ƙasa da taga a buɗe, iska tana shiga tana fita. Kai ka gina akwatin, ni na rufe murfin don ina jin maganarka. Ban sani ba, kuma rashin sanin nan zai bi ni har kabari. Da likita ta tambaye ni ko wani abu ya taɓa fashewa a gidan, na ba ta labari, sai ta dafe kai. Ba sai ka tuna mini ba. Ni nake riƙe hannayen yarinyar nan ana shafa musu magani, kai kana can kana rubutu.

Saura kafet. Na karanta wa likita roƙonka. Ta ce ba mai wankin da zai fitar da zaiba daga cikin zaren kafet, kuma ɗakin ajiyarka bango ɗaya ne da inda yarinyar za ta kwana. Ta ce ya fita daga gidan, shi da injin, kuma kada a ƙona, don hayaƙin ya fi komai haɗari. Ta haɗa ni da ma'aikatan da ke kwashe irin wannan shara. Suka zo suka ga gado da kabad sun danne shi, suka ce in aka ja shi abin zai ƙara watsuwa, sai dai a yanka a inda yake. Wuƙarsu ta yi ta zamewa. Na ce su ba ni safar hannu da abin rufe hanci. Na ɗauko babban almakashina, wanda ka tsana.

Na yanka shi, Auta. Gida goma sha huɗu. Ban jira izininka ba, kuma ko yau aka dawo da shi zan sake. Da na zo kan furen na ɗaga, ɗaya daga cikin ma'aikatan ya haska tocila. Ƙwallayen suna nan a ƙasa, cikin saƙar, ƙanana kamar kan allura, sun fi a ƙirga, daidai inda take ɗora kuncinta. Na yi kuka a cikin abin rufe hancin har na kasa gani. Ni ma na san matarka, ni na yi mata ɗinkin aure, ni na riƙe ta a kan kafet ɗin nan ranar da numfashi ya fara ƙi. Da tana da baki yau, da haƙoranta za ta yaga shi.

Sun tafi da shi a leda biyu-biyu, da injin, da zobena, da almakashin ma. Tagogi kwana tara ke nan a buɗe. Takardar dokokinka na ciro ta daga bayan ƙofa.

Jiya Tsuntsuwa ta tambaye ni ko in mun koma gida za ta kwanta a kan furen Mama. Na ce babanta zai ba ta amsa. Na yi nawa yankan, wannan naka ne.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jinya. Yaya hannun? Yaya bayan?

Wannan ce takarda ta huɗu. Uku na yaga, don duk da faɗa suka fara. Da na karanta gida goma sha huɗu na yi jifa da kofi ya bugi bango, abokin ɗakina ya fita ya bar ni. Na yi kwana biyu ina jin haushinki kamar in yi me. Ina ta shirya maganganun da zan gaya miki, masu zafi, ina gyara waya ina maimaita su.

Sai na buɗe ɗaya takardar, tawa, mai jan alli. Na ƙirga. Layi goma sha ɗaya a kan gashi, layi tara a kan taga da kafet, layi ɗaya a kan abin da ya kusa kashe mini 'ya. Har yanzu ina cikin fushi, Yaya, sai dai na rasa wanda zan ba shi in ba ni ba. Shekara guda ina gadin ɗakin matacciya, na sa mai rai a ciki na rufe.

Ki yafe mini maganar ido. Ban isa ba.

Na gaya wa shugaban jirgi zan sauka a tasha ta gaba, ko sun ba ni hutu ko ba su ba ni ba. Kwana goma sha ɗaya. Kada ki ce wa Tsuntsuwa komai a kan furen, ni zan durƙusa in gaya mata da bakina, a kan simintin. Na sayo miki almakashi a tashar da muka baro, babba, irin naki. Ba zai kai wancan ba, na sani.

Ki bar tagogin a buɗe. Ina tafe.

Ƙanenki, Auta